Rabon Yaya Rabi a Bakin Iyaka

Abin da ya fara ba ni haushi a Paris ba sanyi ba ne, taswira ce. Tana manne a bangon ɗakin da muke kwana mu huɗu, a wani tsohon bene da ke warin danshi rani da damina. In na ɗora babban yatsana a kan Paris, ƙaramin yakan taɓa Jeneba ta ƙasar Suwis ba tare da na wahalar da hannuna ba. A can yayata Rabi take. Kullum na dawo daga makaranta sai na auna, kamar ina tsammanin wata rana tazarar za ta ragu.

Yaya Rabi ce ta raine ni bayan rasuwar Inna. Mu mutanen Ɗan Isa ne, a ƙasar Nijar daf da iyaka, ita kuma aka yi mata aure a Jibiya, cikin Nijeriya. A gidanmu akwai wata al'ada da Baba bai taɓa sakewa ba: ƙafar dama ta ragon layya rabon babbar 'ya mace ne, kuma kai mata ake yi har ɗakinta, ba ita ke zuwa karɓa ba. Ni ne ɗan aike. Kowace Babbar Sallah Baba yakan ɗaura mini ƙafar a bayan keke, ya ƙara wasu 'yan ƙunshin soyayyen nama, ya ce, "Waɗannan na masu tsaron ƙofa ne." In na iso shingen jandarma sai su ce, "Ɗan Malam, ina namu?" in miƙa musu. Na wancan gefen ma haka. Ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Ni a lokacin iyaka wuri ce da ake yi wa mutum barka da Sallah.

Da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, sai ta shiga aikin girki a gidan wani babban ma'aikaci. Aka tura shi aiki Jeneba, matarsa ta ce ba ta iya cin abincin kowa sai na Rabi, suka tafi da ita. Ba a daɗe ba ni ma na samu gurbin karatu a Paris. Ranar da na gaya mata a waya har guɗa ta yi. Ta ce ashe za mu zama maƙwabta. Ganin Dala dai ba shiga birni ba ne, amma a lokacin ba wanda ya tuna mana.

Tattalin arziki nake karantawa. Malamanmu ba su da zancen da ya fi na haɗuwar ƙasashen Turai: yadda suka rushe shingayen da ke tsakaninsu, yadda mai kamfani a wannan ƙasa ke sayar da kayansa a waccan, yadda ma'aikaci ke kwana a nan ya yi aiki a can. Har jarrabawa na rubuta a kan amfanin buɗe iyaka, kuma ita ce jarrabawar da na fi cin maki a duk zamana a makarantar. Sauran kuwa ba a cewa komai. Da rana ina aji, da yamma ina wanke kwanuka a wani gidan abinci har hannuna ya yi fari ya tsattsage. Na faɗi shekara ɗaya, na sake faɗuwa, ofishin baƙi ya ƙi sabunta mini katin zama.

A cikin wannan ruɗewa na haɗu da wani ɗan ƙasarmu da ake kira Direkta. Ban san abin da yake shugabanta ba, sai dai kullum yana cikin kwat da jaka a hannu. Ya saurari labarina har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi ma yayarsa ce ta raine shi, ya ce yana da mutum a ofishin jakadancin Suwis, in kawo fasfona kawai. Na kai masa da hannuna, na yi masa godiya har da durƙusawa. Daga ranar ban sake ganinsa ba. Daga baya na ji cewa fasfon mutane yake sayarwa, kuma duk wanda ya je masa da labari, shi ma irin labarin ne ya same shi.

Na zama mutum ba kati, ba fasfo. Na koyi tafiya irin ta marasa takarda: kada ka yi gudu, kada ka tsaya, kada ka shiga meturo, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba tikiti ko da yunwa za ta kashe ka, in ka hango shuɗin kayan 'yan sanda a bakin tasha ka juya kamar ka manta wani abu. Akwai wata tsohuwa 'yar Aljeriya mai gidan burodi a ƙasan benenmu. Ba ta taɓa tambayata komai ba, amma in ta ga na wuce sau biyu ban shiga ba, sai ta ƙwanƙwasa gilashi ta miƙo mini burodin jiya a cikin takarda. Har na bar Paris ban san sunanta ba.

Wanda ya fitar da ni daga Paris Alhaji Mamane ne. Mutumin Tawa ne, ya yi shekaru yana aiki a masana'antar manyan motoci a Vénissieux, kusa da Lyon, har ya yi ritaya, ya kuma samu takardun ƙasa. Ya zo Paris wata ta'aziyya, aka nuna masa ni a masallaci, aka ce ga ɗan Malam Sani na Ɗan Isa. Ashe ya taɓa kwana a zaurenmu a zamanin da yake fataucin albasa. Bai yi dogon zance ba. Ya ce, "Ɗauko kayanka. Ɗan Malam Sani ba shi kwana a wanga rami ina da rai."

Gidansa yana can sama a ɗaya daga dogayen benayen unguwar Minguettes. Ya ba ni ɗakin ɗansa da ya yi aure, ya samo mini aikin loda kaya a wani sito. Ban taɓa ganin mai kyauta irin Alhaji ba, kuma kyautar tasa ba ta da birki. In mai kawo wasiƙa ya hau bene sai ya sha shayi. Direban bas da ya saba da shi yana da rabonsa na dabino duk azumi. Matarsa Hajiya takan ce wata rana zai ba da ƙofar gida, su kwana a buɗe.

Lyon ta kusantar da ni da Yaya Rabi fiye da Paris. Tafiyar safiya ɗaya ce a mota, mutum ya karya a nan ya yi azahar a can. Wannan kusanci ya fi nisan ciwo. Ranar Lahadi da yamma Madam, matar maigidan da take wa aiki, take ba ta hutu, sai ta kira ni da 'yar wayar da aka saya mata don aiken kasuwa. Fasfonta da katinta suna hannun Madam tun ranar da suka sauka, wai don kada su ɓace. Ba ta jin Faransanci sai na sayen tumatir. Takan tambaye ni ko ina cin abinci, ko na yi ƙiba, ko gemu ya fito mini sosai. Ni kuma in tambaye ta ƙafafunta, don ta ce suna kumbura in ta daɗe a tsaye. Baba ya rasu muna cikin wannan hali, muka yi wa juna ta'aziyya a waya, kowa na jin kukan ɗan'uwansa ba ya ganinsa.

Duk Lahadi bayan la'asar falon Alhaji yakan cika da 'yan gida, ana shan shayi ana gyara duniya. Da aka fara jin cewa Suwis ma za ta shiga yarjejeniyar buɗe iyaka da maƙwabtanta, zancen ya zama abincin majalisar. Mai jan gaba Dakta Bala ne, likita ɗan Katsina da ke aiki a wani asibiti a Lyon.

"Wannan shi ne wayewa," in ji shi. "Mutanen da suka yi ta yaƙar juna, yau ga su sun cire shinge. Mu fa? Harshe ɗaya, addini ɗaya, kaka ɗaya, amma daga Katsina zuwa Maraɗi sai an tare ka kamar ɓarawo. Ni da za a bi tawa, su haɗe gaba ɗaya su zama ƙasa guda, mu ma mu yi koyi."

Wani tsoho mai gadi ya ce shi bai yarda ba. Ya ce masu kuɗi in sun haɗa kai, to akwai wanda za a ci, kuma ba a taɓa cin mai kuɗi ba. A wurin aiki ma gardamar ke nan. Akwai wani Bature da muke loda kaya tare, kullum yana zagin buɗe iyaka, wai baƙi za su ƙwace musu aiki. Bai yi wata biyu ba ya ajiye aikin ya koma tuƙa mota a Jeneba, don albashin can ya fi, yana kwana a Faransa yana ƙetarawa kowace safiya.

Ni ban sa baki a gardamar ba. Tambaya ɗaya ce a raina, kuma Alhaji ne ya amsa ta bayan an buɗe iyakar. Ya kai wani baƙo filin jirgin Jeneba ya dawo yana murna.

"Habu, wallahi babu kowa! Na wuce kamar daga ɗaki zuwa zaure. 'Yan duwan ɗai na gani tsaye, su ko kaya suka dubawa, ba mutane ba. Ko kallona ba su yi ba."

Duwan su ne kwastan a bakin mutanenmu. Na ji abin da ya ce, na kasa barcin kirki har kwanaki. Sallar layya tana matsowa, kuma a shekarar ne na fara samun halin yin layya da ragona na kaina. Na kira Yaya Rabi na ce, "Bana rabonki zai iso."

Ta ce, "Habu, kada ka jawo ma kanka. Ko ni in daure in ƙetaro in same ka?"

Na ce a'a. Tun da nake ban taɓa ganin ta zo karɓar rabonta ba, kai mata ake yi. Ban da haka, in za a kama ɗaya daga cikinmu gara ni. Ita in aka tare ta ba takarda, Madam za ta ji, kuma ranar za ta sa ta a jirgi, ga 'ya'yanta a Jibiya da aikinta suke ci suke karatu. Muka shirya abin da sauƙi. Jirgin tiram, irin mai bin titin cikin gari, ɗaya ta sani, wanda ke wucewa ta ƙofar gidansu, kuma ƙarshen layinsa a bakin iyaka yake, ta gefen Suwis. Na ce ta shiga ta zauna, kada ta sauka sai ya tsaya ya ƙi tafiya. Mu za mu ƙetaro mu same ta a nan.

A Faransa ba a yanka a gida. Mahauta aka ware, ka kai sunanka, ka dawo ka karɓi ragonka a feɗe a cikin leda. Na karɓo nawa, na cire ƙafar dama da hannuna kamar yadda na ga Baba yana yi, Hajiya ta shafe ta da gishiri da yaji ta gasa ta sama-sama. Alhaji kuwa da ya ji za a je wurin 'yar Malam Sani, sai abin nasa ya motsa. Ya ƙara haƙarƙari daga ragonsa, ya ƙara soyayye cike da bokiti, ya ce akwai 'yan gida a Jeneba da bai kamata a manta da su ba. Hajiya ta ƙulla wasu ƙanana a takardar gasa nama, irin na miƙa wa maƙwabta. Bayan motar ya cika har da kyar ya rufu.

Ranar Lahadi bayan Sallah muka kama hanya. Alhaji ya sha babbar riga fara da hula, ni na sa rigar da na fi so, na aske gemu na daidaita shi. Gari ya yi sanyi, duwatsun da muke ratsawa duk sun yi fari a ka. Alhaji yana ta ba ni labarin fataucin albasa, ni ko rabin abin da yake faɗa ban ji ba. Ina ta tunanin abin da zan fara ce mata. Bai bi babbar hanya ba, ya ratsa ta cikin garin da ke bakin iyaka, inda motoci ke bin juna a hankali tsakanin shaguna.

Iyakar ba wani abu ba ce. Rumfa ce a kan titi, da wani ɗan gini mai faɗin tagogi a gefe. Mutane na wucewa da ƙafa, wasu da karnuka, wata mata tana tura keken jariri tana cin tuffa. Jami'an kwastan na Suwis biyu ne tsaye, namiji da mace. Motar da ke gabanmu ta wuce. Namijin ya dube mu, ya ɗaga hannu ya yi mana alamar mu wuce. Na ga hannun da idona. Mun riga mun shiga.

Sai Alhaji ya taka birki. Ya sauke gilashi, ya miƙa hannu baya ya ɗauko ƙunshi ɗaya daga na Hajiya, ya miƙa wa jami'in yana murmushi har kunne, yana yi masa barka da biki da Faransanci.

"Bon fet, mon ami! Sallarmu ta. Ga naka, kai da madam."

Na san abin da ya sa ya yi. Da ni ne a kan keke a Ɗan Isa, abin da zan yi ke nan. Mutum ya tsaya a ƙofa cikin sanyi ranar biki, ka wuce shi da nama ba ka ba shi ba, ai ba tarbiyya. Jami'in bai karɓa ba. Ya dubi ƙunshin, ya dubi Alhaji, ya tambaya mene ne a ciki. Alhaji ya ce nama ne, na rago, mai kyau, shekaranjiya aka yanka. Ya tambaya ko akwai saura a motar. Alhaji, da bai iya ƙarya ba ko da wasa, ya ce akwai mana, Allah ya hore.

Aka ce mu faka a gefe. Ashe iyakar an buɗe ta ga mutane ne, ba a buɗe ta ga nama ba. Ɗan kaɗan aka yarda mutum ya shiga da shi, don su kare mahautansu da makiyayansu. Mu kuwa mun ɗauko abin da zai ciyar da unguwa. Suka fito da komai suka jera a kan wani tebur na ƙarfe, suna ɗorawa a sikeli. Namijin ya ce kuma miƙa wa jami'i kyauta laifi ne mai zaman kansa. Alhaji yana ta rantsuwa cewa ba cin hanci ba ne, Sallah ce. Da za su rubuta tara sai suka nemi takardun direba. Daga nan macen ta juyo gare ni, cikin ladabi, ta ce, "Naka fa, malam?"

Suka shigar da ni ɗan ginin, suka zaunar da ni a benci kusa da taga. Suka ce za su kira 'yan sandan Faransa su zo su karɓe ni, tunda daga can na fito. Ba wanda ya daka mini tsawa, ba wanda ya taɓa ni. Macen har ruwa ta kawo mini. Na roƙe ta in yi waya ɗaya kafin su karɓe wayar, ta dubi abokin aikinta da ke waje, ta ce in yi sauri.

"Yaya, kina ina?"

"Ga ni cikin jirgin, ya kusa tsayawa. Kun iso?"

"Mun iso. Amma an tsare mu. Ki saurare ni da kyau. In kin sauka za ki ga mota a buɗe da wani dattijo mai babbar riga. Kada ki matso. Kada ki gaishe shi. Ko mi kika gani, ba ki san mu ba."

Ta ce, "Innalillahi." Ban jira sauran ba na kashe.

Ta tagar ina ganin tashar tiram a ƙetaren titi. Jirgin ya zo ya tsaya, mutane suka zubo. Ita ce ta ƙarshe da ta sauko, tana dafa ƙofa, tana sauke ƙafa ɗaya kafin ɗaya. Da ba don zanen ba da ban gane ta ba. Atamfa ce kore, ta ɗora wata ƙatuwar rigar sanyi ta maza a kai. Yaya Rabi da na sani doguwa ce mai tafiya kamar ana binta bashi, wannan kuwa tsohuwa ce ta rankwafa. Tana rungume da kular abinci a ƙirji. Tun a waya ta gaya mini za ta yi mini dambun zogale irin wanda nake yi wa kuka ina yaro.

Ta ga motar, ta ga Alhaji, ta ga naman a kan tebur. Ta tsaya a jikin wani ƙarfen fitila ta zuba wa ginin ido. Ni ma na zuba mata. Tsakaninmu faɗin titi ne kawai, mutane suna ta ratsa shi suna shiga Faransa suna fitowa, wani yaro ma a kan keke ya ƙetara ya dawo don wasa. Tiram ya tafi, wani ya zo, shi ma ya tafi, tana nan. Na ga tana sauya ƙafa saboda kumburin. Hannuna yana kan gwiwata, na danne shi da ɗayan don kada ya tashi da kansa.

Jami'ar ta lura. Ta zo ta tsaya kusa da ni ta leƙa, ta ce, "Matar can ta daɗe tana kallon nan. Ka san ta? In 'yar'uwarka ce, zan iya kiranta ta shigo ku gaisa kafin su zo."

Na yarda cewa da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma duk wanda ya shigo ɗakin nan sai an rubuta sunansa, kuma sai ya nuna takarda. Na ce, "A'a, ban san ta ba." Ban taɓa faɗin magana mai ɗaci irin wannan ba, kuma ko yau aka maimaita ita zan sake faɗa.

'Yan sandan Faransa suka zo ta ƙofar baya, ta nan suka fita da ni. Naman kuwa an zuba shi a wata babbar leda baƙa, an ce ƙona shi za a yi. Ina fita na hango ƙafar dama a sama, da yajin Hajiya a jikinta.

An kai ni gidan tsare baƙi da ke kusa da filin jirgin Lyon, inda kake jin tashin kowane jirgi kana tunanin ko naka ne na gaba. Akwai wayar bango a farfajiya. Ranar Lahadi na samu na kira ta. Na yi zaton kuka za ta yi, sai na ji muryarta wasai.

"Na gan ka, Habu," ta ce. "Ta taga. Ka yi kyau, ka cika. Ka koma Baba sak, har zaman nasa."

"Kin gan ni, Yaya?"

"Na gan ka mana. Kuma ka yi daidai da ba ka ɗaga hannu ba." Sannan ta tambaya, "Wadda na hango bisa tebur, ta dama ce?"

"Ta dama ce."

"To ai ta iso. Tunda ta shigo ƙasar da nike, ta iso. Allah shi yi ma albarka."

Wannan magana ita ta riƙe ni a wurin nan. Na ce ko ba komai mun ga juna. Bayan wasu makonni suka sake ni, don ba su da fasfon da za su sa ni a jirgi da shi. Satar Direkta ce ta hana a mayar da ni gida, abin dariya in da mai dariya. Suka ba ni umarnin barin ƙasa, na koma Minguettes na ci gaba da tafiyar marasa takarda.

Alhaji ya zo ɗakina ya zauna a bakin gado, dattijo mai jikoki, yana share ido da hannun riga. Ya ce, "Ni na kashe ka, ɗana." Na ce masa ba shi ba ne. Har ga Allah ban riƙe shi ba, ko da yake na yi wata guda ba na iya cin abinci tare da shi. Majalisar Lahadi ta ci gaba. Dakta Bala ya ce abin da ya same ni hujja ce a kan maganarsa, da sun haɗe gaba ɗaya da ba kwastan ɗin ma balle a auna nama. Tsohon mai gadi ya ce da sun haɗe, da katangar da ke tsakaninsu da mu ce za ta ƙara tsawo. Suka juyo suna jiran in raba gardama, tunda ni na yi karatun abin. Na ce shayina ya huce, na tashi.

Yaya Rabi ba ta kai wata Sallar ba. Ta faɗi a kicin tana girki, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Maigidan da take wa aiki ya ce kai gawa gida wahala ne, aka binne ta a can, a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta. Alhaji da Dakta Bala suka je jana'iza. Sun ce ba wanda ya tare su, zuwa da dawowa. Ni ina zaune a falo a Vénissieux ina karɓar gaisuwa.

Sai da aka ƙara shekaru kafin na samu katin zama, bayan shari'a da jeka-ka-dawo da ba na son tunawa. Tafiyar farko da na yi da shi ta Jeneba ce. Na je ni kaɗai, a jirgin ƙasa da bas, na sauka a garin bakin iyaka na taka da ƙafa. Katin yana hannuna a cikin aljihu, na riƙe shi har ya yi gumi. Rumfar tana nan, ɗan ginin yana nan, amma ba kowa a waje. Na rage tafiya ko wani zai fito ya tambaye ni. Ba wanda ya fito.

Kafin in nemi hanyar maƙabarta, na ƙetara titi na je jikin ƙarfen fitilar nan, na tsaya daidai inda ta tsaya. Ina so in ga abin da ta gani. Na ɗaga kai na dubi tagar da na zauna a bayanta.

Gilashin irin mai madubi ne. Na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganin komai sai titi da tiram da kansa. Na matsa dama, na matsa hagu, na ƙetara na je har jikinsa na kare ido da tafin hannu, ko inuwar benci ban gani ba. Wani mutum ne kawai mai furfura a gemu yake kallona, ya rankwafar da kafaɗa irin ta Baba.

Ashe Yaya Rabi ba ta gan ni ba.